Labaran Jarumai Masu Baiwa a Rubutun Zube: Ta Wace Ƙofa Za Ka Shiga?

Wanda ya taso da littattafan yaƙi da jarumta, irin waɗanda ake karɓowa haya a unguwa a cinye su a dare ɗaya, daga baya kuma ya kamu da finafinan Marvel da DC, ba ya rasa ranar da zai tambayi kansa ko waɗannan masu tashi sama da fasa dutse da hannu suna da labari a rubuce zalla, ba zane, ba fim. Suna da shi, kuma ba jiya aka fara ba. Tun 1930 wani marubucin Amurka, Philip Wylie, ya fitar da Gladiator, labarin yaron da ubansa masanin kimiyya ya yi gwaji a kansa tun yana ciki, aka haife shi da ƙarfin da ya zame masa kaya. Shekara takwas ke nan kafin Superman ya bayyana a littafin zane a 1938, shi ma kuma ya samu nasa littafin zube a 1942.

Ni dai abin da ya riƙe ni a wannan fage shi ne abin da fim ba ya iya ba ni. Fim zai nuna maka bene ya rushe, ƙura ta tashi, a wuce. Zube kuwa zai zaunar da kai a ran wanda ya rushe benen, ya kuma kai ka wajen matar da ɗakinta yake hawa na uku. Bos, wanda a fim aikinsa dariyar mugunta da mutuwa a ƙarshe, a nan yana da baki, yana da hujja, wani lokaci ma shi ke ba da labarin.

Matsalar ita ce ƙofofin shiga guda huɗu ne, kuma wanda ya shiga ta wadda ba tasa ba yakan fito yana cewa fagen duka ba shi da daɗi. Akwai labarin intanet mai fitowa babi-babi, akwai littafi mai zaman kansa, akwai littafin jaruman kamfani, sai kuma duniyar haɗaka da marubuta da yawa ke ginawa tare. Dukkan waɗanda zan ambata da Turanci aka rubuta su.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Na farko kuɗi. Ba farashin littafi kaɗai nake nufi ba. Data kuɗi ce, cajin waya kuɗi ne, awannin da za ka zuba kuma sun fi duka tsada.

Na biyu ɗorewa, kuma fuska biyu gare ta. Shin abin zai zauna a hannunka nan da shekara biyar? Shin labarin kansa zai kai ƙarshe, ko a tsakiyar kogi za a sauke ka?

Na uku sauƙi: sauƙin samu daga inda muke, nauyin Turancin, da ko sai ka san tarihin wasu jarumai hamsin kafin ka gane shafin farko.

Na huɗu haɗari. Abin da ke cikin labarin na zubar da jini ko batsa ko abin da ya taɓa aƙida, musamman in ɗanka ko ƙanwarka za ka miƙa wa, da kuma hanyar da aka bi aka samo littafin.

Labarin intanet mai fitowa babi-babi

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan tsari. Duk wadda ta taɓa jiran sabon shafi a zauren WhatsApp ko a Wattpad ta san daɗinsa, ta kuma san ciwon ranar da marubuciya ta ce za a ci gaba bayan Sallah, daga nan shiru.

Babban misali a fagen jarumai masu baiwa shi ne Worm, na wani ɗan Kanada, John C. McCrae, da ake kira Wildbow. Ya fara sakinsa a tsakiyar 2011, ya kammala a Nuwamban 2013, yana fitar da babi aƙalla sau biyu a mako. Tsawonsa ya kai kalma wajen miliyan 1.68. Jarumar yarinya ce 'yar sakandare, Taylor, wadda 'yan ajinsu suka gallaba, baiwarta kuma ita ce sarrafa ƙwari: ƙudaje, gizo-gizo, zuma, kyankyasai. Ka ji baiwar da ba wanda zai roƙa. Ta fita da niyyar zama jarumar kirki, ta kutsa cikin wata ƙungiyar matasan miyagu don ta tona asirinsu, sai ta tarar a cikinsu ne aka fara ɗaukarta mutum. Daga nan kowane mataki da ta taka yana da hujja, kuma kowanne yana nisanta ta da inda ta nufa. A duniyar labarin, yawanci mutum yana samun baiwa ne a rana mafi muni a rayuwarsa, shi ya sa masu ƙarfin duk masu tabo ne a zuci. Wannan dabara kaɗai ta sa labarin ya fi finafinai da dama zurfi.

A kuɗi, kyauta ne a shafin marubucin, rubutu zalla kuma ba ya cin data sosai. Amma yi lissafi. In kana karanta kalma 200 a minti, Worm zai ci maka awa 140. Wanda ke ba shi awa ɗaya kullum zai kwashe wata huɗu da rabi. Littafi na yau da kullum mai kalma 100,000 awa takwas da 'yan kai ne, wato Worm ya kai littafi goma sha shida zuwa sha bakwai. Ɗalibin da jarrabawa ke gabansa ya yi wa kansa adalci, domin babukan suna ƙarewa ne a daidai inda ba a iya ajiye waya.

A ɗorewa, shi Worm ya kammalu, har ya samu ci gaba mai suna Ward daga 2017 zuwa 2020. Sai dai ba a buga shi a takarda a hukumance ba, zamansa yana rataye da shafin da ke ɗauke da shi. Sauran irinsa a shafukan labarai irin su Royal Road da Wattpad kuwa sai ka sa ido. Da yawa ana yasar da su a rabi. Wasu kuma da sun yi suna, marubucin yakan cire yawancin babukan ya kai su tsarin Kindle Unlimited na Amazon, inda ake biyan kuɗin wata a karanta littattafai, domin sharaɗin tsarin shi ne kada littafin lantarkin ya kasance a wani shafi ko shagon intanet. Sai ka dawo ka tarar babi kaɗan aka bar maka na ɗanɗano. Kafin ka fara kowanne, duba ko an rubuta cewa ya kammalu, ka kuma duba ranar da aka saki babin ƙarshe.

Turancin Worm ba na ƙamus ba ne, na hira ne, amma akwai maganganun titi na Amurka, sunaye kuma suna da yawan gaske. Ba edita da ya bi ta kansa kamar na kamfanin ɗab'i, don haka akwai wuraren da faɗa ke jan ƙafa har ka gaji.

Haɗarinsa babba ne, gara in faɗa a fili. Akwai azabtarwa, akwai yanka jiki da aka siffanta dalla-dalla, akwai ashar. Ba na yara ba ne, kuma babba mai raunin zuciya ma zai gamu da babukan da za su hana shi barci.

Littafi mai zaman kansa

A nan marubuci ɗaya ne ya ƙirƙiri duniyarsa da jarumansa, edita ya tace, kamfani ya buga. Ba ka buƙatar sanin komai kafin shafin farko, marubucin kuma yana da ikon kashe wanda ya ga dama. Wannan ikon shi ke sa gabanka faɗuwa da gaske in jarumi ya shiga tarko. Uku sun ishe mu misali, kowanne da irin mutumin da zai gamsar.

Steelheart na Brandon Sanderson, 2013. Wani jan tauraro ya bayyana a sama, wasu mutane suka samu baiwa, kusan dukkansu kuma suka zama azzalumai. Ba jarumin ceto da zai zo. David yana da shekara takwas aka kashe mahaifinsa a gabansa cikin wani banki a Shikago, amma a ranar ya ga abin da ba wanda ya taɓa gani: ya ga jini ya fito daga jikin azzalumin da ake cewa makami ba ya kama shi. Bayan shekara goma ya shiga sahun wasu mutane marasa baiwa masu farautar waɗannan azzalumai ta hanyar gano lagon kowannensu. Duk wanda ya san tatsuniyoyin da ake neman makarin tsafin mugun sarki zai ji kamar a gida yake. Don matasa aka rubuta shi, Turancinsa mai sauƙi ne, babu batsa, ko da yake akwai harbi da kisa. Littafi uku ne, na biyu a 2015, na uku a 2016, kuma an rufe labarin.

Vicious na V. E. Schwab, shi ma 2013. Abokai biyu a jami'a, Victor da Eli, suka gano cewa wanda ya leƙa mutuwa ya dawo yana iya tashi da baiwa, suka gwada a kansu. Ɗaya ya ƙare a kurkuku shekara goma, ɗayan ya shiga kashe masu baiwa yana ganin aikin Ubangiji yake yi, jama'a kuma shi suke kallo a matsayin jarumi. Babu mutumin kirki tsakaninsu, kuma a nan ƙarfin littafin yake. Labarin yana tsalle tsakanin da da yanzu, sai ka riƙa duba kan kowane babi. Gargaɗina a kansa mai nauyi ne: akwai wuraren da aka nuna mutum yana jefa kansa ga halaka da gangan, don haka ba zan ba matashin da ke cikin ƙunci ba.

Hench na Natalie Zina Walschots, 2020, shi ne wanda na fi jin ya yi abin da zube kaɗai ke iyawa. Anna ma'aikaciyar ofis ce ta wucin gadi da ke yi wa miyagu aikin shigar da bayanai a kwamfuta don ta biya kuɗin haya. Wani shahararren jarumi ya ture ta a wajen aikin ceto, ƙafarta ta ragargaje, wurin aikin kuma suka sallame ta. Tana jinya ta fara lissafin ɓarnar da jarumai ke yi: mutum nawa suka nakasa, dukiya nawa ta salwanta, shekarun rayuwa nawa aka rage wa bayin Allah da ba ruwansu. Makaminta alƙaluma ne. Duk wanda motar wani babba ta taɓa watsa masa ruwan kwata aka wuce ba waiwaye zai gane zafin da ke cikin littafin nan. Na manya ne, akwai ashar, ƙarshensa kuma yana da siffanta jiki mai tayar da hankali.

A kuɗi wannan ƙofa ta fi ta farko nauyi. A Amurka sabon littafi mai laushin bango yakan kama tsakanin dala 10 zuwa 20, na lantarki yakan yi ƙasa da haka, kai kuma ka san abin da dala take nufi a aljihunka, ga kuɗin kawowa. Katin banki na naira ma ba kullum yake wucewa a shagunan waje ba. Mafita ita ce masu sayar da littattafan gwanjo, ko manyan shagunan littattafai na Abuja da Legas da ke karɓar oda, ko ku haɗa kuɗi ku uku ku saya ku riƙa zagayawa da shi. 'Yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi da suka fi sakewa da Faransanci, akwai fassarar Steelheart da ta Vicious a wannan harshe.

Na takarda shi ne naka na har abada, in ka tsare shi daga gara da laimar damina da mai aron da ba ya mayarwa. Na lantarki kuwa izinin karatu ka saya, ba littafin ba. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan lantarki, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, sai dai aka mayar musu da kuɗinsu. A gida ma OkadaBooks ya rufe a ƙarshen 2023. Amma waɗannan kwafe-kwafen da ke yawo a Telegram, ban da cin haƙƙin marubuci, wasu shafuka ne a yanke, wasu kuma manhajar cuta ce aka laƙaba wa sunan littafi.

Littafin jaruman kamfani

Su ne littattafan da Marvel ko DC ke ba marubuci izini ya rubuta da jarumansu. A 2017 Jason Reynolds ya rubuta na Miles Morales, Spider-Man ɗin nan matashi baƙar fata na unguwar Brooklyn, inda makaranta da iyali da wariyar launi suka fi naushi yawa. A shekarar ne kuma aka fara jerin DC Icons da littafin Wonder Woman na Leigh Bardugo, na Batman ya biyo baya a 2018.

Sauƙi shi ne jarinsu. Ka san fuskar jarumin tun daga fim, littattafan gajeru ne, da yawansu don matasa aka yi su. Farashinsu kusan ɗaya da na ƙofa ta biyu. Rauninsu kuwa a gindi yake: jarumin dukiyar kamfani ne, Marvel na hannun Disney tun 2009, DC na ƙarƙashin Warner, marubuci ba shi da ikon kashe shi ko sauya shi sauyi na dindindin. Tun shafin farko ka san zai tashi. In izinin bugawa ya ƙare kuma, littafin yakan ɓace daga kasuwa, tsofaffi da yawa sai a gwanjo. Iyaye su lura cewa labaran wasu jarumai, irin su Thor da Wonder Woman, an gina su ne a kan allolin tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai da na Girka, abin da ke buƙatar a zauna da yaro a yi masa bayani.

Duniyar haɗaka

A nan suna ɗaya ne ya mamaye fili: Wild Cards, wanda George R. R. Martin ke jagorantar tace shi tun 1987, tare da Melinda Snodgrass. Tushensa shi ne wata ƙwayar cuta daga wata duniya da aka fasa a samaniyar Niyok ranar 15 ga Satumba, 1946. Cikin mutum ɗari da ta kama, casa'in suna mutuwa, tara suna rayuwa da mummunar nakasa, ɗaya tak ke tashi da baiwa. Ka dubi wannan rabo. Labarin ya damu da taran nan da aka tura unguwarsu ta daban ana ƙyamarsu, kamar yadda ya damu da ɗayan da ake ɗauka hoto. Juzu'in farko yana bin tarihin Amurka na gaske bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har da zamanin farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci.

Kowane marubuci da jaruminsa, a haɗa labaransu a juzu'i ɗaya. Daɗin haka shi ne muryoyi iri-iri, illarsa kuma shi ne hannu ba ya zama ɗaya: ka gama labari mai ratsa jiki, na gaba ya zo lami. Juzu'an sun haura talatin, sun kuma bi ta hannun kamfanonin ɗab'i da dama, don haka tara su duka aiki ne mai cin kuɗi da haƙuri. Turancinsa ya fi na sauran nauyi, wanda bai san siyasar Amurka ba kuma zai rasa rabin ma'anar. Ba shi da ƙarshe guda da ake dosa, amma juzu'in farko yana iya tsayawa shi kaɗai. Akwai batsa a fili da shaye-shaye a wasu labaran. Na manya ne, manyan ma masu iya tsallake shafi.

| Ƙofa | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Labarin intanet | Kyauta, amma yana cin watanni | Ya dogara da shafi, da yawa ba sa kammaluwa | A waya yake, tsawo ne matsalar | Jini mai yawa, cin lokaci |
| Littafi mai zaman kansa | Matsakaici zuwa tsada | Mai kyau a takarda, labari yana rufewa | Ba ya buƙatar sanin baya | Ya danganta da littafin |
| Jaruman kamfani | Matsakaici | Yakan ɓace daga kasuwa | Mafi sauƙi | Kaɗan, sai batun alloli a wasu |
| Duniyar haɗaka | Mafi tsada in za a tara | Ba ƙarshe guda | Mafi wuya | Batsa da shaye-shaye |

Wa ya dace da wace?

In yau za ka fara, kuma littafi ɗaya kuɗinka zai iya saya, sayi Steelheart na takarda. Za ka gama shi cikin mako guda, Turancin ba zai kore ka ba, ƙannenka ma za su karanta bayanka.

Uwa ko uba da ke neman abin da zai raba ɗan shekara goma sha uku da kallon bidiyo, ku fara da na jarumin da yaron ya riga ya sani, irin na Miles Morales. Ku karanta babi biyu da kanku kafin ku miƙa.

Wanda aljihunsa ba komai amma yana da waya da dogon hutu, kamar mai jiran sakamakon jarrabawa ko mai zaman jiran kiran bautar ƙasa, Worm nasa ne, in ya haura shekara goma sha takwas kuma zuciyarsa na ɗaukar jini. Ya yanka wa kansa adadin babin da zai karanta a rana tun kafin ya fara.

'Yar'uwar da ta gaji da jarumin da ba ya kuskure, take son jin ta bakin bos, ta ɗauki Vicious. Ma'aikacin da ya san ɗacin albashin wucin gadi da sallama ba dalili, Hench zai yi masa magana da harshen da ya sani.

Mai son tarihi da siyasa, wanda Turancinsa ya nuna, ya gwada juzu'in farko na Wild Cards shi kaɗai, kada ya sayi na biyu sai ya rufe na farkon yana son ƙari.

Marubucinmu kuma da ke mafarkin ƙirƙiro jaruma mai baiwa a Fagge ko a Damagaram, ya karanta biyu a jere. Steelheart zai nuna masa yadda ake ba kowace baiwa iyaka da lago, babukan farko na Worm kuma za su nuna masa yadda ake rufe babi mai karatu ya dawo neman na gaba.